Yadda na gano abin da ke hana a-kori-kurata tashi da asubar hunturu

A watan Disambar 2023 ne motata ta fara nuna mini wani hali da ban san ta da shi ba. Toyota Hilux ce mai shan gas, wato dizal, tsohuwar ƙira, mai injin nan da ake kira 5L, wanda yake da silinda 4 da girman lita 3. Na saye ta a hannu domin jigilar taki da amfanin gona tsakanin gidana da ke Fadaman Mada a cikin garin Bauchi da gonata da ke kan hanyar Dass. Duk tsawon bazara da damina, da zarar na murɗa makulli take tashi. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ta soma jan lokaci da safe, tun ina ba ta makulli sau biyu har ta kai ina ba ta sau biyar ko shida, daga bisani kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya sai an tura. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan ta tashi ta yi zafi, to, har dare ba za ta sake ba ni wata matsala ba, ko da na kashe ta sau goma a hanya.

Kusan mako biyu ina tara yaran unguwa bayan sallar asuba suna tura ni zuwa gangaren da ke bakin layinmu. Turi yana tada ta saboda yana juya injin da saurin da kik, wato na'urar da ke juya injin idan an murɗa makulli, ba ya iyawa, amma ba magani ba ne, kuma ranar da na kwana da buhunan masara a bayanta babu wanda ya iya motsa ta.

Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Wanda duk ya ji ƙarar kik ɗin da safe sai ya ce batir ne, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin sanyi yana rage wa batir ƙarfi, injin gas kuma ya fi na fetur nauyin juyawa. Ban sa an gwada batir ɗin da mita ba. Na tafi kai tsaye na sayo sabo, mai shagon ya karɓi tsohon ya rage mini wani abu, na cika kuɗin da ya kai na buhun masara biyu a lokacin. Washegari kik ya juya injin da ƙarfi sosai, har na fara murna, amma motar ba ta tashi ba sai a karo na huɗu. Har yau ina zargin cewa tsohon batir ɗin lafiyarsa ƙalau, sai dai ni ne nake shanye masa wuta kullum da yawan ba da makulli, kuma babu halin in tabbatar tunda na riga na rabu da shi.

Wani maƙwabcina da ya taɓa zama a Turai ya ce gas ɗin ne yake daskarewa a cikin tanki. Gaskiya ne cewa gas yana da wani irin kakin da ke yin kauri ya toshe filta, amma hakan yana faruwa ne a inda sanyi yake kusantar daskarar da ruwa ko ya wuce nan. Sanyin asubar Bauchi a Disamba da Janairu yawanci yana tsakanin digiri 12 da 15 ne a ma'aunin Salsiyos, wani lokaci ya ɗan sauka ƙasa da haka, kuma wannan bai isa ya sandarar da gas ba. Na ɗebo kaɗan a kwalba na bar shi ya kwana a tsakar gida, da safe na same shi yana gudana kamar yadda na zuba shi.

Shawarar da ta fi kowacce muni ita ce ta wani direba da ya ce in jiƙa tsumma da fetur in kanga a bakin da injin yake shaƙar iska, ko in fesa maganin sauro a wurin yayin da wani yake ba da makulli. Na gwada sau ɗaya, kuma motar ta tashi, amma da wata irin ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin injin, har sai da gabana ya faɗi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa irin waɗannan abubuwa suna kamawa da wuta tun fistin bai kai sama ba, sai bugun ya koma kan ringi da gaskit, kuma idan hita, wato ƙarfen da ke ɗumama cikin injin gas kafin ya tashi, yana da zafi wutar tana iya dawowa ta hanyar iska ta ƙona hannun mai riƙe da tsumman. Ban sake ba.

Na kai ta wani gareji da hantsi. Bakaniken ya ba ta makulli ta tashi nan take, domin ta riga ta yi zafi a hanya, amma duk da haka ya yanke hukuncin cewa a kwance injekta, wato famfon da ke tura gas cikin injin, a kai wa masu gyaranta, idan kuma hakan bai yi ba, to, a sauke inji a sa sabon ringi. Na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi injekta, ya ce haka motocin gas suke idan sun tsufa. Na yi masa godiya na tafi, domin na riga na ƙone hannu a kan batir, kuma ba na son a buɗe mini injin da yake jan kaya lafiya, ba ya shan man juye, bisa zato kawai.

Ƙanena ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran tarakta da manyan motoci. Da na gama yi masa bayani bai ko buɗe bonet ba. Ya ce, "Alhaji, ciwon da ba ya tashi sai da asuba ba a duba shi da rana. Ka ajiye ta inda ka saba ajiyewa, kada kowa ya taɓa ta, gobe in Allah ya kai mu zan zo da yarona bayan an idar da salla." Na ce, "Baba, ko in turo a ɗauko ka?" Ya ce babur ɗinsa ba ya jin sanyi.

Da suka iso gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe ko'ina. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa yaron ya ɗora mita a kan batir, ta nuna bolt 12.6, wato a cike yake. Ya ce in ba da makulli, ƙarfin wutar ya sauka zuwa sama da 10 kaɗan yayin da kik yake juyawa, ya ce wannan daidai ne, sai ta faɗi ƙasa da 9.6 ake zargin batir ko kik ko wayoyinsu. Shi kansa bai tsaya wajen injin ba. Ya zagaya baya ya tsuguna kusa da salansa, ya ce in sake ba ta amma kada in wuce daƙiƙa 10, in kuma huta rabin minti kafin in maimaita, domin kik yana ƙonewa idan aka matsa masa. A karo na biyu wani farin hayaki ya fara fitowa, mai warin ɗanyen gas da ke sa ido yaji. Ya tara hannu ya sansana, ya miƙe ya ce mai yana zuwa, wuta ce babu.

A nan ne ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na nema tun farko. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi irin na motar fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta koma kusan kashi 1 cikin 22 na girmanta a irin wannan injin, matsin kuma ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa gas a cikinta ya kama da kansa. Idan injin ya kwana cikin sanyi, ƙarfen silinda da na kan injin yana shanye zafin iskar kafin gas ya iso, musamman a 5L da ake fesa man a cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke jikin kan injin, ba kai tsaye a kan fistin ba. Saboda haka aka sa wa kowace silinda hita, wani ɗan sandan ƙarfe mai kama da fulogi wanda bakinsa yake yin ja da wutar batir, ya ɗumama wannan ɗaki kafin a tada mota. Da zafi injin yana iya tashi ko babu hita, shi ya sa mutum zai yi wata takwas yana yawo da matattun hita bai sani ba, sai hunturu ya tona asiri. Farin hayakin da muka gani gas ne da aka fesa bai ƙone ba. Da babu hayaki ko kaɗan, in ji shi, da ta hanyar mai zai fara bincike, da kuma shuɗi ne da ya yi zargin man juye yana haurawa ta ringi.

Na yi masa musu. Na ce fitilar hita da ke kan dashbod, mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya, tana kamawa kullum idan na buɗe makulli, kuma ina jira ta mutu kafin in tada. Ya yi dariya ya ce fitilar agogo take bi, ba hita ba. Akwai na'urar da ke ƙirga lokaci gwargwadon sanyin ruwan injin, ita ce take kunna fitilar ta kashe ta, kuma za ta ci gaba da yin haka ko da hitocin huɗu duk sun mutu. Wannan maganar ta fi komai ba ni haushin kaina, domin da wannan fitila na kafa hujja na cire hita daga lissafi tun ranar farko.

Gwajin bai ɗauki rabin sa'a ba. Hitocin huɗu suna haɗe ne da wani siririn ƙarfe da ke raba musu wuta. Yaron ya ɗora mita a kan ƙarfen, na buɗe makulli, muka ji rile, wato makunnin da ke sakar wa hitocin wuta, ya yi ƙas, wuta kuma ta iso, abin da ya wanke fiyus da rile da na'urar ƙirga lokaci a tashi ɗaya. Daga nan suka kwance ƙarfen domin kowane hita ya tsaya shi kaɗai, saboda idan suna haɗe mai rai guda ɗaya yana rufa wa sauran asiri. Dattijon ya ɗauko ƙwan gwaji, ya maƙala wayarsa a kan batir ɓangaren ja, ya riƙa taɓa kan kowane hita da tsinin. Idan ƙwan ya kama, wayar da ke cikin hitan ba ta tsinke ba. Na farko ya kama. Na biyu da na uku da na huɗu ko ƙyaftawa ba su yi ba. Ashe silinda ɗaya ce take ta fama ita kaɗai tana ƙoƙarin jan sauran ukun kowace safiya, kuma wannan ne dalilin kakkarwar da motar take yi a mintin farko idan ta tashi.

Bai yarda a kwance su a lokacin ba. Ya ce hitan da ya shekara da shekaru a wurinsa yana kamewa da tsatsa da baƙin gawayi, idan kuma aka yi masa ƙarfi ya karye a ciki, aikin ɗan lokaci ya zama na sauke kan inji. Muka tura motar ta tashi, muka bar ta ta yi zafi, ya ɗiga man sassauta tsatsa a gindin kowanne, ya jira, sannan ya riƙa juya sifana a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan, har suka fito duka. Biyu bakinsu ya kumbura, ɗaya ya ɗan gutsure.

Wajen saye ma akwai darasi. Ya ce in tafi da tsohon a hannuna in duba lambar da ƙarfin wutar da aka zana a jikinsa, domin akwai hitocin da suka yi kama da juna a ido amma na mota mai bolt 24 ne, waɗanda ba za su yi zafi a tawa ba, akwai kuma masu ƙarancin bolt da za su ƙone cikin kwanaki. A kasuwar kayan mota aka nuna mini kashi uku, kowanne da farashinsa, kowanne kuma mai shago yana rantsuwa asali ne. Yaron bakaniken ya nemi batir, ya riƙe hitan da filaya, ya ba shi wuta. Mai kyau tun daga tsininsa yake fara yin ja cikin 'yan daƙiƙu, mafi arhar kuwa daga tsakiya ya fara ja, tsinin yana nan baƙi. Na sayi huɗu masu tsadar, har da madadin wanda bai mutu ba, tunda sa'o'in juna ne kuma shi ma ya kusa.

Washegari na fito da zumuɗi. Na buɗe makulli, fitila ta mutu, na murɗa, motar ta tashi a bugu ɗaya, babu farin hayaki. Ban gama hamdala ba, bayan kamar daƙiƙa 5, sai ta yi tari ta mutu. Na yi ta ba ta makulli har sau uku kafin ta sake kamawa, ta yi ta rawa na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Kwana uku a jere haka ta yi. Na kira dattijon raina a ɓace, ina tunanin an sayar mini da jabu. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai wannan wani ciwon ne daban, na farkon ne ya ɓoye shi. Gobe kafin ka taɓa makulli, ka buɗe bonet ka danna famfon hannun da ke saman filtar gas, ka gaya mini yadda ka ji shi."

Na danna na ji shi sakayau kamar babu komai a ciki, sai da na yi kusan sau 20 kafin ya yi tauri. Da na ba da makulli motar ta tashi ba ta mutu ba. Ma'anar wannan, kamar yadda ya bayyana mini da na je garejinsa, ita ce iska tana shiga hanyar mai cikin dare, gas ɗin da ke cikin tiyo yana sulalewa ya koma tanki. Da safe injin yana tashi da ɗan abin da ya rage a cikin injekta, idan ya ƙare sai iska ta biyo baya ya mutu. Na ce to ai ban taɓa ganin ɗigon gas a ƙasan motar ba. Ya ce ba zan gani ba, domin daga tanki zuwa injekta tsotso ake yi, ba turi ba, saboda haka tsagar da ba ta isa ta zubar da mai ba ta isa ta shaƙi iska. Sanyi kuma yana sa tsohuwar roba ta ƙanƙance ta yi tauri, tsagar ta ƙara buɗewa.

Nemo wurin ne ya ɗauki lokaci. Ya sa guntun farin tiyo da ake ganin cikinsa tsakanin filta da injekta, muka tada mota, sai ga ƙananan kumfa suna wucewa jefi-jefi. Ya mayar da shi gaban filta, ta ɓangaren tanki, babu kumfa ko ɗaya, wato matsalar tana kan filtar ne ko a mahaɗarta. Da ya cire baƙin tiyon da ke shiga kan filta ya lanƙwasa bakinsa, sai ga tsaga kamar ta faso a ƙarƙashin kilif, inda ido ba ya kaiwa. Ya yanke shawarar canja tiyon gaba ɗaya da kilif ɗinsa, aka sa sabuwar filta da sabon zoben roba. Kafin a jefar da tsohuwar ya kwance maɓallin da ke gindinta ya tsiyaye abin da ke ciki a kwalba, ruwa ya kwanta a ƙasa kusan rabin kofin shayi, gas yana yawo a sama. Na san inda na samo shi. A lokacin litar gas ta haura naira 1,000, na riƙa saye a jarka a wajen 'yan bumburutu idan na ga sauƙi, kuma ina yawan kwana da tanki kusan wayam, abin da ke ba raɓa damar taruwa a cikinsa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, muka yi su a rana ɗaya. Man juyen da ke cikin injin mai kauri ne, 20W-50, wanda wani ya ce mini ya fi dacewa da tsohon inji, muka mayar da shi 15W-40 na injin gas, wanda ba ya riƙe inji sosai da sanyin safe. Filtar iska ta cika da ƙurar hunturu har ta koma ja, aka canja ta. Wayar da ke haɗa batir da jikin inji ta yi farin gari a bakinta, aka kankare aka ɗaure.

Ni ne na nace a gwada matsin silinda, domin maganar bakaniken farko game da ringi ba ta bar zuciyata ba. Aka cire hitocin, aka ɗaura ma'aunin a ramin kowanne bi da bi. Ma'aunin da kamfanin Toyota ya gindaya wa wannan injin shi ne kilo 32 a kan kowace murabba'in santimita idan yana da cikakkiyar lafiya, mafi ƙaranci kuma 20, sannan kada bambancin silinda da silinda ya wuce 5. Nawa ya nuna 27 da 26 da 27 da 25. Dattijon ya ce injin ya manyanta amma bai kai a buɗe shi ba, sai dai irinsa ya fi sabo dogaro da hita, don haka in riƙa sa a gwada su duk watan Nuwamba kafin sanyi ya sauka. Ya ƙara da cewa ranar da sanyi ya tsananta in buɗe makulli in jira fitila ta mutu, in rufe in sake buɗewa, sannan in tada, kuma in taka kuloci domin rage wa kik nauyi.

A tsakiyar Janairu na kai wa wani ɗan'uwana kaya Tilden Fulani, a ƙaramar hukumar Toro, dab da Jos, inda sanyi ya fi na cikin garin Bauchi nesa ba kusa ba. Dare ya yi mini na kwana a can, motar kuma ta kwana a fili babu rumfa. Da asuba na fito na tarar gilashin ya jiƙe da raɓa, sitiyari kamar ƙanƙara. Daga al'adar da ta kama ni sai na sami kaina ina duban inda gangare yake, ina kuma ƙirga samarin da ke fitowa daga masallaci. Na buɗe makulli sau biyu kamar yadda aka koya mini, na taka kuloci na murɗa. Ta tashi kafin in saki makullin, ta ɗan fitar da hayaki mai duhu sau ɗaya, ta zauna daram. Na bar ta minti uku tana ɗumama, na sha shayin da aka miƙo mini a tsaye, sannan na kama hanyar Bauchi ta Magama Gumau da Nabordo.